Jinin Tsohuwa

A ɗakin binciken cututtukan dabbobi kowa Kuku yake kiransa, ko da yake bai taɓa dafa abin da mutum zai sa a baki ba. Ƙwayoyin cuta yake yi wa girki. Ɗakinsa na ƙarshen baranda, ba taga, sai tukunyar turara kaya mai huci, da sikeli, da farantan gilashi jere a kan kanta. Da wankin kwalabe ya fara yana saurayi, a nan furfura ta same shi.

Akwai wata cuta da ingarma ke yawo da ita yana haniniyarsa lafiya lau, amma duk goɗiyar da ya hau sai mahaifarta ta yi ruwa, ciki ya ƙi zama. Masu dawaki kan aiko da audugar da aka shafo daga jikin dabba, a goga a faranti, a jira a ga abin da zai tsiro. Ita kuwa ƙwayar 'yar gata ce, ba ta cin abincin kowa. Sai an narka wani gari mai daskarewa kamar kitse, an zuba jinin doki, an ɗumama a hankali har ja ya koma ruwan ƙasa. In wuta ta yi yawa ta ƙi fitowa, in ta yi kaɗan ma ta ƙi. Wannan girkin shi ne duk abin da Kuku ya iya a duniya.

Jinin na Tsohuwa ne, wata farar goɗiya da ke ɗaure bayan ginin don wannan aiki kawai. Shi ke ba ta dusa, shi ke tsefe mata geza, shi ke soka mata allura a wuya yana ba ta haƙuri kamar mutum. Ma'aikata na tsokanarsa, wai mutumin da ke da mata a gida me ya kai shi zance bayan ofis. Yana jin daɗin tsokanar. Yana son a san shi da tausayi.

Wata safiya ya tarar tana ɗingishi. Ƙusa ta taka, ƙafar baya ta kumbura, da zafi. Ya nufi ofishin Likita, matashiyar da aka kawo ta shugabanci wurin bara, har ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya tuna maganar da ta taɓa yi tana duba farantansa.

"Baba, ka san yanzu kamfani na sayar da waɗannan a haɗe? Daga kwali sai firji. Duk ranar da Tsohuwa ta sha magani ai dole mu huta da jininta, sai mu gwada nasu mu gani."

Gaskiya ta faɗa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta in ya shiga jinin goɗiya zai bi shi har cikin faranti, ya kashe abin da ake nema ya tsiro, a wanke ingarma mai cuta a ce lafiyarsa ƙalau. Sai an daɗe kafin jinin ya sake yin amfani. Kuma wanda ya saba da buɗe kwali, me zai dawo da shi wurin tsoho da tukunyarsa?

Ya sauke hannunsa. Ya gaya wa kansa allura wahala ce ga mai shekaru irin nata, ruwan ɗumi da gishiri ma ya isa. Ya mayar da ita rumfar can ƙurya, wai ta fi inuwa. Likita ta tare shi a baranda ta ce, "Baba, ina mutuniyarka? Ban ganta a turke ba."

"Tana hutawa, ranki ya daɗe. Kin san tsufa."

A gida matarsa ta lura ya daina cinye abinci. Da ta matsa, ya ba ta labari, ya jera mata dalilansa tsaf, yadda ya jera wa kansa. Tana ninke wanki, ba ta ko ɗago ba.

"Maigida, da ni ce ƙafata ta kumbura, gishirin za ka sa min?"

"Ke ma dai da wata magana. Ke doki ce?"

"A'a. Ni ba a dafa jinina, shi ya sa nake tambaya."

Ya yi fushi ya fita ƙofar gida. Abin da ya fi ƙona masa rai, bai sami abin da zai kira ƙarya a maganarta ba.

Kumburin ya haura gwiwa, ya kai cinya. Tsohuwa ta bar dusa. Kullum sai ya ce gobe zai faɗa, gobe ta yi ya ga kamar idonta ya ɗan washe. Yana gasa mata ƙafa yana hawaye, kuma hawayen na gaske ne. Da a ce ba ya sonta, da abin ya zo masa da sauƙi.

Wari ne ya tona asirin. Mai gadi ya bi warin har rumfar, ya tarar da ita kwance tana numfashi sama-sama, ya ruga ya kira Likita. Ta durƙusa ta taɓa ƙafar, ta buɗe leɓen goɗiyar ta duba dasashi.

"Ciwon ya shiga jini. Baba, tun yaushe?"

"Bai daɗe ba."

Ta dube shi, ta dubi bokitin ruwan gishiri da tsummokaran da aka shanya a kan katanga. Ta aika a kawo allurar da za ta hutar da dabbar har abada. Kuku ya ce bari ya je ya wanke hannu, ya dawo ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan Tsohuwa a cinyarsa yana shafa wuyanta. Yatsunsa da kansu suka lalubo jijiyar da ya saba sokawa, suka danne ta ta taso.

"Me ke aljihunka, Baba?"

Ya duba. Kwalbar ɗibar jini ce, da robarta da allurarta, a turare, a naɗe. Bai tuna lokacin da ya ɗauko ta ba.

"Jinin mai zazzaɓi?" in ji Likita a hankali. "Ko ka ɗiba, me za ka dafa da shi?"

Mai gadi ya kau da kai. Kuku ya janye yatsunsa daga jijiyar, Likita ta sa nata a wurin.

Ba a kore shi ba. An ce ya yi wa wurin hidima, a bar shi ya ƙarasa shekarunsa. Kwalayen kamfani suka iso, farantan roba masu kyau, kowanne daidai da ɗan'uwansa, ƙwayar kuma ta tsiro a kansu ba gardama. Aikinsa yanzu ya karɓi kwali daga mota ya jera a firji, in an gama da farantan ya kai su ramin ƙona shara. Hanyar ramin ta gaban rumfar ta bi. Yakan zagaya ta bakin titi, ko da ana ruwa.