Motar da Baba Bai Raɗa wa Suna Ba

Mahaifina direba ne, amma ko taya ɗaya bai taɓa mallaka ba. Ƙuruciyarsa duka a motocin mutane ta ƙare, yana ɗauko doya da masara daga Iware zuwa Jalingo, wani lokaci har Yola. Ranar da babu lodi sai ya zauna a gindin mangwaron gidanmu a unguwar Sarkin Dawaki, ya yanka gwangwanin madara da na man girki, ya ƙera 'yan ƙananan motoci masu tayoyin tsohon silifa. Mutanen tasha ne ke sa shi, kowa na son ƙaramar motarsa ya ajiye a falo baƙi su gani.

Inda ya fi ji da kansa shi ne wajen rubutun. Ba ya taɓa fenti, wai fenti dalala yake yi kamar majina. Akwai wata takarda mai santsi da ake sayarwa a shagon littattafai, haruffa jere a jikinta. Sai ya ɗora ta a goshin motar, ya daidaita harafin da yake so, ya goga da bakin biron da ya ƙare, ya ɗaga a hankali. Harafin ya bar takarda ya manne a gwangwani kamar a can aka haife shi. In hannu ya motsa, harafin ya tsage, babu gyara. Shi ya sa in yana wannan aiki ko tari ka yi ka jawo wa kanka. Ni da na gado bakin uwata na sha ranƙwashi a kan haka.

A tasha, mai mota ne ke zaɓen abin da za a rubuta mata. Direba nasa ja ne kawai. Baba ya ja "Sai Haƙuri", ya ja "Duniya Makaranta", ya ja wata da aka rubuta wa habaicin da shi kansa yake jin kunyarsa. Duk ya kwafe su a ƙananan motocinsa da baƙaƙen haruffa.

Amma akwai wata koriya a kan kabad ɗinmu, wadda ta fi duka kyau, goshinta fayau babu komai. Wannan tasa ce. Shekarar da aka ba mu jiha, lokacin da kowa ke ganin arziki ya iso ƙofar gida, ya sayo takardar haruffa masu ruwan zinariya daga Jos, ya sa a ƙasan akwatin ƙarfensa. Ya ce ranar da ya sayi babbar motarsa, ranar zai rubuta wa ƙaramar, su tashi da suna ɗaya.

Mama takan tsokane shi. "Baban yara, wannan mota naka har yanzu bai samu suna ba? Ko jariri ba a barinsa haka."

"Ki bari," yake cewa. "Lokacinsa yana zuwa."

Mun yi ta tambayarsa sunan, ya ƙi faɗa.

Ciwon suga ne ya riga motar zuwa. Ya taɓa masa ido, har wata rana ya kusa hawa kan shanu a hanyar Iware. Mai motar bai yi faɗa ba, ya dai karɓi makullinsa, ya yi masa addu'a. Na fi jin haushin addu'ar a kan karɓar makullin.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci, Baba ya ce in ɗauko masa koriyar motar da takardar nan. Na san abin da hakan ke nufi: ya haƙura da babbar. Mama ta ajiye doyar da take ferewa ta zo ta tsaya.

Ya ce in riƙe masa motar kada ta motsa. Ya kai takardar dab da idonsa, ya lalubo harafi, ya ɗora, ya goga, ya ɗaga. Babu abin da ya manne. Ya sake gogawa da ƙarfi. Wannan karon sai wani gari-gari mai ƙyalli ya zubo masa a cinya. Zafin Jalingo ya daɗe da gasa haruffan a cikin akwati, wasu sun bushe sun ƙi barin takardar, wasu suna marmashewa da an taɓa su.

"Ya fito?" ya tambaye ni.

"Bai fito ba, Baba. Takardar ta mutu."

Mama ta ce a kawo baƙaƙen, ai akwai saura. Ya girgiza kai. Ta ce to a aika Jos. Ya ce wa zai goga, shi da ba ya ganin layi? Ya kaɗe cinyarsa, ya ninke takardar, ya miƙo mini in kai murhu.

Na kasa tashi. Na ce, "Baba, ko faɗa mana ka yi. Me za ka rubuta?"

Ya daɗe yana shafa goshin motar da babban yatsa.

"Na manta," ya ce.

Mutumin da bai taɓa manta lambar motar da ya ja ba. Mama ta juya ta koma wajen doyarta, ina jin tana jan hanci. Ban sake tambayarsa ba har Ubangiji ya kira shi, ita ma daga baya ta rantse mini bai taɓa gaya mata ba.