Hannun Baba Ma'auni

A layin masu gyara, tsakanin shagon mai faci da garejin Dogo bakanike, akwai wata rumfar kwano da rufinta ya huhhuje. Da hantsi rana kan zubo ta ramukan ta yi ɗigo-ɗigo a kan motoci, kuma a ƙarƙashin wannan hasken Baba Ma'auni ya yi shekara talatin da huɗu yana bin wayoyin mota. Hannunsa ne ya jawo masa sunan. Zai ɗora tafinsa a kan robar da ke kai ruwa lagireto, ya lumshe ido, ya ce, "Tamanin da biyar." A kawo na'ura a auna zafin ruwan a tarar da tamanin da shida, sai ya ce na'urar ce ke da sauran koyo.

Ban da wannan ba shi da wani abin fariya. Bai taɓa mallakar mota ba, shi da ya tayar da dubbai. Keke yake hawa, mai kwando a gaba, yana tafe yana kallon sama har masu babur su yi ta zuba masa hon. Shi kansa ya san in aka cire hannun nan, abin da ya rage dattijo ne mai furfura da tsohon keke.

Da motoci masu kwamfuta suka shigo, tsararrakinsa da yawa sun tattara kayan aiki sun koma gida. Shi kuwa ya sayi na'urar da ake jona wa mota ta karanto abin da ke ranta, ya zauna ya koya kamar ɗan aji ɗaya. A nan ne tausayin ƙwaƙwalwar mota ya kama shi, tausayi na gaske. Ɗan akwati ne da ke maƙale a bayan sitiyari, cikin duhu, bai taɓa ganin titi ba, bai san rana ba. Duk abin da ya sani na duniya, sensa ne ke aiko masa ta waya: wannan ya ce iska kaza ta shigo, wancan ya ce ruwan inji ya yi zafi kaza. In an gaya masa ana sanyi sai ya ƙara mai, in an ce zafi ya yi yawa sai ya tayar da fanka. Baba kan jingina da mota bayan azahar yana tunanin wannan zaman, har idonsa ya rufe ya ga kansa a ciki, yana sauraron saƙonni suna shigowa ɗaya bayan ɗaya daga wuraren da ba zai taɓa zuwa ba.

"Ka sake tafiya ke nan," Dogo kan ce daga garejinsa. "In ka dawo ka miƙo min sifana goma."

Motar Sista ta zo ran wata Litinin. Sista ma'aikaciyar jinya ce, mace mai saurin magana da saurin tafiya, motarta kuma ta fara ba ta kunya. Da safe takan tashi lafiya lau. Amma in ta yi tafiya aka kashe ta, sai an yi ta fama kafin ta sake tashi, ga baƙin hayaƙi a salansa, ga shan mai kamar an huda tanki. Allurar zafi da ke gaban direba kuwa ta mutu tun kafin ta sayi motar.

Baba ya jona na'urarsa, ya bar injin yana aiki minti ashirin. Babu wani laifi da ƙwaƙwalwar ta rubuta. Sai dai ta ce zafin ruwa arba'in ne, alhali injin da ya yi wannan aikin ya kamata ya kusa casa'in. Abu biyu ne: ko sensan zafi na yi mata ƙarya, ko kuwa da gaske injin ba ya ɗaukar zafi. Wani mai gyaran da sai ya kwance sensan ya gwada. Baba bai ga dalili ba, yana da abin da ya fi. Ya ɗora tafinsa a kan robar, ya lumshe ido, ya jira. Ɗumi-ɗumi ya ji, irin na ruwan wankan jariri.

"Sensa ya yi gaskiya," ya ce. "Injin ne ke jin sanyi."

Ya canza tamostat, wato ɗan murfin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Motar ba ta canza hali ba. Ran Talata ya wanke fulogi da nozul masu fesa mai. Ran Laraba ya bi waya tun daga inji har ƙwaƙwalwa, yana murza kowace da yatsa, bai sami ko ƙwarzane ba. Duk sanda ya sunkuya cikin bonet yakan ji hucin zafi a fuskarsa, gumi na tsiyaya ta gemunsa, sai ya ɗora laifin a kan kwanon rumfa. Ya sake taɓa robar sau ba adadi, ita kuma tana ba shi amsa guda.

"Baba, in ta fi ƙarfinka ka faɗa min," in ji Sista da yammacin Laraba, tana juya makullin gidanta a yatsa. "Ba abin kunya ba ne. Akwai wani sabon wuri a bakin babban titi."

Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce ta ba shi gobe kawai. Da ta tafi ya kwance sensan, ɗan ƙarfe mai kan roba da bai kai babban yatsa ba, ya jefa a aljihu. Ba don yana zarginsa ba, sai don babu sauran abin da bai taɓa ba.

Gwajin ba shi da wuya. A sa bakin sensa a ruwa, a jona masa mitar awon lantarki, a ɗora a wuta. Lafiyayyen sensa, yayin da ruwa ke zafi, lambar da mita ke nunawa sauka take yi daga dubu biyu da wani abu har ta dawo ɗari biyu ko uku. Da safe ya shiga kicin ya karɓi ƙaramar tukunya a hannun matarsa, wadda ta ce in ya bar mata warin mai a ciki shi zai sha shayinsa a haka. Ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Ya tsuguna gaban risho yana kallon mita. Lambar ta sauko kaɗan, ta tsaya wajen dubu da ɗari biyu, ta ƙi motsi. Haske na shigowa ta taga yana ratsa tururin da ke tashi a hankali, Baba ya bi shi da kallo, hankalinsa ya tafi can wani wuri. Ya ce a ransa ruwan ne bai yi zafi ba tukuna. Ya tsoma yatsa biyu don ya ji, ya bar su a ciki yana lissafi.

"Malam!"

Matarsa ta fizgo hannunsa har tukunyar ta kusa kifewa. Ruwan ya riga ya fara ƙananan ƙwayaye a gindi, saura ƙiris ya tafasa. Yatsun sun yi ja, fatar ta tashi. Ta juya tafin hannun ta ga tabon ƙuna, wasu sun bushe wasu sababbi, a daidai inda yake ɗorawa a kan roba.

"Ba ka ji ba?" ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa.

"Ɗumi-ɗumi na ji," ya ce.

Ta tura hannun cikin bokitin ruwan sanyi ta riƙe shi a can. Shi kuwa mita yake kallo. Tana nan a dubu da ɗari biyu, ruwa na tafasa a ƙarƙashinta. Kwana uku ya yi yana kafa shaida da hannunsa a kan maganar sensa, ashe su biyun ciwo ɗaya ke damun su. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki.

Kafin azahar ya ɗaura sabon sensa. Na'ura ta nuna zafi na hawa, sittin, saba'in, casa'in, fanka ta tashi da kanta, hayaƙin ya washe. Ya kashe motar ya sake tayarwa, ta amsa bugu ɗaya. Sista ta zo tana murna, sai idonta ya sauka a kan yatsun da aka naɗe. Ya ce ruwan shayi ne, ba ta yarda ba. Ta kama ɗaya hannun, ta ce ya rufe ido, ta dinga dangwala masa bakin biro a tafi tana cewa ya faɗi inda ya ji. Sau biyu ya faɗa cikin bakwai.

"Gobe da safe ka zo asibiti, kada ka ci komai," ta ce. "Ba shawara nake ba ka ba, Baba."

Ciwon suga ne, ya daɗe yana cin jijiyoyin a ɓoye. Aka ba shi magani, aka ce za a iya tsayar da shi, amma abin da ya tafi da wuya ya dawo. Ya koma rumfarsa. Ya sayi 'yar na'urar da ake haska wa inji ta faɗi zafi, yana ɓoye ta a aljihu, sai ya duba hagu da dama kafin ya fito da ita. Dogo ya gani tun ranar farko, kuma duk surutunsa bai taɓa tanka wannan ba. Masu mota na ci gaba da kiran sunan, yana amsawa. Bai gaya wa kowa ba, har 'ya'yansa, ya kuma hana matarsa faɗa.

Wata ranar hutu da la'asar yana zaune a tabarma, 'yarsa ta fari ta shigo da jaririnta a kafaɗa, ko mayafi ba ta cire ba.

"Baba, taɓa min shi. Tun safe yake ƙananan kuka, na rasa ko zazzaɓi ne."

Ta ɗora masa yaron a cinya. Hannunsa ya tashi da kansa, ya kai daf da ɗan goshin, ya tsaya. Matarsa na bakin ƙofar ɗaki da tsintsiya, ta daina shara. Zai iya ɗorawa ya ce lafiya lau, kuma 'yar za ta yarda ta koma gida da yaron hankali kwance. Ya janye hannun, ya sunkuya ya manna kuncinsa a goshin. Zafi ne sosai, ya ratsa shi har kunne.

"Da zazzaɓi. Ki kai shi yanzu, kada ki jira gobe."

"To. Amma Baba, yau kuma da kunci?" ta ce tana ɗan murmushi.

Ya daɗe yana gyara wa yaron hula kafin ya amsa.

"Hannun ya daina ji, 'yata."

Ta dube shi, ta dubi mahaifiyarta. Sannan ta durƙusa ta kama hannun da nata biyu, ta matse shi a tsakani. Yana kallon yadda ta riƙe, yana jira ko ɗumin zai iso.