Gunkin Ƙofar Baya

Ranar da aka buɗe katafaren ginin shagunan nan na tsakiyar gari, aminiyata Mai-keke ta sha kaye a hannun Manaja.

Tun wurin yana tashar mota take ɗinke wandunan direbobi a bakin titi. Da aka rushe tashar aka ta da bene mai gilasai, sai ta kafa kekenta a babbar ƙofa. Manaja, saurayi mai tashen turare, ya ce ta tashi, gunkin tallan riguna zai tsaya nan.

"Yanzu ɗan nan, gunki ya fi ni?"

"Nesa ba kusa ba, Iya. Ba ya surutu, ga shi da ƙugu."

Har masu gadi sai da suka riƙe ciki. Don a kashe wutar, mai ginin ya ba ta lungun ƙofar baya, kusa da bola. Manaja ya ƙara gishiri: "A bar mata har ta mutu." Mai ginin ya rantse a kan haka gaban jama'a.

Mai-keke ba ta yafiya, ajiya take yi. Tana zaune silimar sama ta rufe, matattakala mai tafiya da kanta ta gaji ta tsaya. Da gunkin ya karye a hannu aka jefo shi bola, ta tsince shi, ta wanke, ta ɗinka masa riga. Na ce, "Ke, miji kika samu?" Ta ce, "Shaida na samu."

Bayan shekaru, sai hukuma ta gina gadar sama a gaban ginin, ta toshe babbar ƙofa. Ƙofar baya ta zama gaba, kowa ta kan Mai-keke yake shiga. Mai ginin ya rasu, magajinsa ya so lungun don wani kantin waya, amma yana tsoron rantsuwar mahaifinsa, sai ya ce wa Manaja ko ya lallashe ta ta tashi ko ya nemi wani aiki.

Manaja ya zo da furfurarsa da tumbinsa, ya durƙusa.

"Iya, a duba girman Allah. Ki ce wani abu mana."

Ba ta ko ɗaga ƙafa daga keken ba. Ta nuna gunkin da haɓa.

"Ka ce ya fi ni. Roƙe shi. In ya amsa, na tashi."