Iya Hajo, Mai Wankin Rigunan Madaci

Iya Hajo ba ta karya kumallo sai ta gama jiƙo. Da ta idar da sallar asuba takan jawo daro biyu zuwa tsakar gida, ta zazzage buhun da Kabo mai a-daidaita-sahu ya ajiye mata a zaure, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno tana ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsoma ko ɗaya a ruwa sai ta duba wuyanta, ta duba hammata, ta juya baya, wani sa'in har ta kai hanci. Gajerun wanduna kuwa gefen cinya take dubawa, inda taɓo ke kama wanda ya zube ƙasa don ya ƙwato ƙwallo. Shekara ashirin da uku ke nan tana wannan aiki, tun ranar da mijinta Badaru, mai wanki da guga, ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ya bar buhun 'yan ƙwallo a zaure bai wanke ba.

Rigunan na Madaci ne, ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta nan Toranke, shuɗaye masu ratsin fari a kafaɗa. Igiyar shanyar Iya ta ɗan fi katangar gidan tsayi. Saboda haka in ka biyo ta lungun da rana tsaka, lokacin da kowa yake gona, sai ka ga kafaɗu goma sha takwas sun leƙo ta saman katanga, a jere, babu kai ko ɗaya. Gola ne a farko, 'yan baya na bin sa, sai 'yan tsakiya, sai 'yan gaba, 'yan benci kuma can gefe kusa da rumbu. Ba wanda ya koya mata wannan jeri, don ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba. Ni da nake koyar da lissafi a sakandare, nake yi wa ɗalibai faɗa a kan camfi, na taɓa yi wa rigunan nan sallama. Bakina ne ya riga ni, kuma ban tsaya jiran amsa ba.

Marigayi Alhaji Da'u ne ya kafa Madaci. Lokacin yana raye, mu magoya baya ba mu da abin zagi sai alƙalin wasa. Da Allah ya karɓi abinsa shekara uku da suka wuce, ƙungiya ta faɗa hannun 'ya'yansa biyu: Sharfaddeen, babban, da ke zaune a Kano, da Abdulsalam mai shagon takin zamani a Gaya. Kowannensu ya ce shi ne shugaba. Wanda Sharfaddeen ya naɗa koci, Abdulsalam ya sallame shi. Wanda Abdulsalam ya kawo, Sharfaddeen ya ce bai san da zamansa ba. Cikin shekara uku mun yi koci biyar, akwai wanda ban gama haddace sunansa ba ya tafi. Yau ka ji an ce za a sayar da ƙungiyar ga wani attajiri ya mayar da ita birni ya canja mata suna, gobe ka ji an ce za a narka ta cikin wata ta Gaya. Babu wanda ya taɓa tara mu ya faɗa mana gaskiya ko ƙarya. Mun ji haushi, mun ji tsoro, muka yi ta cika majalisa da surutu, shayi yana hucewa a gabanmu.

A wannan tsakanin ne aka gane cewa tsohuwar da ke cikin gida ta fi mu sanin halin da ake ciki. Wata Litinin tana miƙa wa Kabo wankakken kaya, sai ta ce masa kocin nan nasu ya fara naɗe tabarmarsa. Kabo ya yi dariya, don a makon ne muka ci wasa biyu da ɗaya. Kwana goma sha biyu, koci ya tafi. Ta faɗi na biyu, ya tafi. Da ta faɗi na uku, dariya ta ƙare. Aka fara cewa Iya Hajo tana da mutanen ɓoye, su ne suke zuwa mata kallon wasa. Kabo, ƙato guda mai mata da 'ya'ya, ya koma ajiye buhu a bakin zaure ya ja kekensa ba waiwaye.

Na daure na je na tambaye ta, ina daga zaure tana daga ciki.

"Malam, ni ba duba nake yi ba," ta ce. "Yaran da ke jin maganar mai gidansu, bayan rigarsu jiƙewa yake yi har ƙugu. Ranar da suka daina ji, gumin a wuya yake tsayawa. In riga goma sha ɗaya suka dawo mini da ƙanshin sabuluna, to wani zai tafi."

Na fito ina jin kunyar ilimina. Amma akwai abin da wannan bayani bai kai gare shi ba, wato riga mai lamba huɗu. Ta Mudassir ce, ɗan bayanmu da ya rasu a haɗarin babur yana dawowa daga kasuwar Gaya. 'Yan wasa suka yi alkawari ba wanda zai ƙara saka ta, amma ana tafiya da ita kowane wasa a cikin buhu. Kabo ya sha rantsuwa ba a fito da ita, duk da haka kullum a jiƙe take dawowa, Iya kuma ta wanke ta ta shanya a gurbinta. Da na tambaya, ta ce gumin 'yan uwansa ne yake taɓa ta a buhu. Amsa ce ta hankali, na kuma karɓa. Sai dai ranar da aka ɗura mana biyar babu ko ɗaya a Ajingi, sauran rigunan duk suka dawo a bushe, ita ta dawo sharkaf. Wannan ban tambaye ta ba.

Abin ya kai maƙura a daminar bana. Koci na biyar ya tafi ba sallama, sai usur ɗinsa aka tarar a rataye jikin ƙarfen raga, yana lilo. 'Yan uwan biyu suka daina gaisawa, kowa ya ce ɗayan ya turo motar kai 'yan wasa. Wasa biyu a jere ba mu je ba. Na uku da Kademi ne, ranar Asabar a filin Gaya, kuma ƙa'idar gasar da muke ciki ita ce duk ƙungiyar da ta ƙi bayyana sau uku a jere, a share sunanta. 'Yan wasa sun watse gonakinsu. Ba wanda ya iya kiran su, don duk wanda ya ɗaga waya za a ce yaron Sharfaddeen ne ko na Abdulsalam. Kwana uku suka rage a binne Madaci, mu kuma muna majalisa muna raba laifi.

Abin da ya dami 'ya'yan Alhaji a makon nan shi ne riguna, don kowa na ganin wanda buhu yake hannunsa shi ne mai ƙungiya. Ranar Laraba Sharfaddeen ya tsayar da mota a bakin lungun Iya, ya yi sallama ya gaishe ta, ya ce ya zo ɗaukar kayan mahaifinsa. Maƙwabta sun ji abin da ta ce daga bayan ƙofa.

"Ɗan Alhaji, lambar rigarka nawa?"

Ya ce ai shi ba ɗan wasa ba ne.

"To babu taka a ciki. Ka gaida mutanen gida."

Ranar Alhamis Abdulsalam ya zo, ya sha irin tambayar da wansa ya sha, ya koma da irin amsarsa. Wannan ne karo na farko cikin shekara uku da aka raba musu abu daidai.

Safiyar Asabar muka wayi gari babu komai a saman katanga. Ranar wasa Iya takan fito da rigunan su sha iska tun da sassafe, ko da wankakku ne, amma yau igiya ce kawai, sai ɗigon raɓa a jikinta. Mutane suka fara taruwa a lungun. Ƙofar zaure a rufe, babu hayaƙi, babu ƙarar daro. Wani dattijo ya yi salati a hankali, ban san wa yake yi wa ba, ita ko ƙungiyar.

Ashe kin riga mu fita, Iya. Ke ce kika ƙulle riguna a zane kika ɗora a ka, kika bi gari gida-gida. Koci iyakarsa zaure, shugaba iyakarsa ƙofar gida, ke kuwa har ɗaki kike shiga. Ba ki nemi ɗan wasa ko ɗaya ba, uwarsa kika nema, wanda ya yi aure kuma matarsa. Ke ce kika taka taɓo har ƙauyukan bayan gari da ƙafar da ta haura sittin da biyar, ba ki ɓata rigar wani kin ba wani ba. Matan da kika shiga wurinsu sun ce ba ki yi wa'azi ba, ba ki ambaci 'ya'yan Alhaji ba, ko ruwa ba ki zauna sha ba. Magana ɗaya kika bari a kowane gida: "Ga rigar yaron nan, na wanke na goge. A dawo mini da ita da datti."

Ban san da wannan ba lokacin da na isa Gaya da la'asar. Mu wajen ɗari biyu muka je, yawancinmu don mu ga ƙarshen abin da idonmu. Hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya cik, ba iska ba yayyafi. 'Yan Kademi na tsakiyar fili suna ba juna ƙwallo, kana jin ƙarar kowane bugu saboda shirun da aka yi. Bencinmu babu kowa. Alƙali ya duba agogo ya ce saura minti goma, in ba mutum bakwai ba wasa. Ban taɓa zama cikin mutane da yawa haka na ji kaɗaici irin na ranar ba.

Sai wani shuɗin abu ya ɓullo ta hanyar da ta ratsa gonakin dawa. Dawar ta yi tsayi, ba ma ganin babur ba ma ganin kai, kafaɗa kawai ke tafiya a saman ganye. Sai wata a bayanta. Sai wata. Muka miƙe tsaye. Ɗaya bayan ɗaya 'yan wasanmu suka sauka daga babura, wani da laka har gwiwa daga gona, har suka cika tara. Suka tsaya cirko-cirko a bakin layi, ba koci ba takarda, ba wanda ya san inda zai tsaya. Gola ne ya ce su jeru yadda Iya take shanya su, suka kuwa jeru.

An ci mu huɗu da babu. Wani ɗan Kademi ya rantse mutum goma ya ƙirga a gefenmu, muka ce masa duhun hadari ne. Abin da na sani shi ne alƙali ya rubuta sunan Madaci a takardarsa, kuma har yau yana nan.

Wankin da ya biyo baya ne ba ki iya ba. Kin zazzage buhu, kin ɗaga riguna kin ce yau kam an yi gumi, amma yatsunki suka ƙi matsa. Sanyin ƙashi ya daɗe yana cin su kina ɓoyewa, tafiyar Asabar ta ƙarasa sauran. 'Yarki Hanne ta kai ki asibiti, aka ce ke da ruwan sanyi sai alwala. Kika aiko mana cewa kin sauka daga aikin wankin. Muka taru a zaure, ni da Kabo da wasu dattawan magoya baya, muka tambaye ki wanne daga cikin 'ya'yan Alhaji za a miƙa wa buhun.

"Wanda ya zo ya wanke da hannunsa," kika ce. "Ga daro nan, ga rijiya. Ba sai ɗan Alhaji ba."

Yau kwana tara. Rigunan na nan a daro cikin zaure, yadda aka cire su daga jiki, tsaminsu har lungu. Sharfaddeen bai zo ba, Abdulsalam bai zo ba. Ranar Asabar mai zuwa muna da wasa, ba mu da koci, ba mu san shugabanmu ba, ba mu san ko ƙungiyar za ta kai kaka da sunanta ba.

Iya Hajo, uwar goma sha takwas, mun gode. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya saka miki da abin da ba mu iya ba, ya jiƙan Badaru da Mudassir da Alhaji Da'u. Ki yafe mana zargin da muka yi miki, ki yafe mana shekarun da muka yi muna kiran sunan duk wanda ya ci ƙwallo ba mu taɓa kiran naki ba.

Ku kuma 'yan uwana magoya baya, na ji mu a majalisa jiya muna zagin 'ya'yan Alhaji kan ba su je ba, ni ma da bakina a ciki. Shekara uku muna buga ƙirji muna cewa ƙungiyarmu ce, muna tambayar waye mai ita. Tsohuwa ta ce ba sai ɗan Alhaji ba, mu ɗari biyu duk maganar ta iso kunnenmu, kwana tara muna toshe hanci in mun zo wucewa ta lungun. Na sayi sabulu sanda biyu ɗazu. Gobe bayan asuba ina can, ban taɓa wanke ko hulata ba, kuma daro biyu ne.