Ragayar Da Na Ƙi Sassautowa

A lokacin ni mutum ne mai ji da kansa a ƙauyenmu, can gefen Gangara. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya rubuta sunana ba tare da na ciji harshe ba, sannan mahaifina ya ce gero ba ya jiran ɗan boko. Da wannan guntun ilimi nake yanke hukunci a majalisa. Ga kuma abin alfaharina: da furfurata na taɓa faɗowa daga kan rumbu, na tashi na kakkaɓe riga. Tun ranar nake shelar cewa ƙashin namiji itacen aduwa ne, na mace kuwa karan gero.

Sai tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta fara gajarcewa. Ba wasa nake ba. Matar da a da take kai mini kunne ta dawo kafaɗa, bayanta ya ranƙwafa. Maimakon in tsorata, sai na samu abin tsokana. In ce mata tana komawa yarinya, ita kuma ta ce kunnuwana ne ke gudun gaskiya suna yin sama. A ɗakinta akwai ragaya inda take rataye ƙwaryar nonon akuya, wanda ake dama mini fura da shi. Ita sai abin da ya rage, in jikoki sun bari. Ta roƙe ni in sassauto igiyar, na ce ragaya tana nan inda na ɗaure ta tun muna da haƙora, wanda ya bar wurinsa shi zai koma. Daga nan ta riƙa taka 'yar kujerarta.

Wata safiya kujerar ta goce. Faɗuwar da ko kaza ba za ta firgita ba, amma ta kasa tashi. Maɗorin garinmu ya taɓa ya ce wannan ba aikinsa ba ne, ƙashin ƙugu ne. Muka kai ta asibitin Tanout, daga nan aka tura mu Damagaram. Can likita ya nuna mini hoton ƙashin, ya ce tun asali na mata ya fi namu sirantaka, kuma da al'ada ta ɗauke sai ya riƙa zubewa da sauri, kamar azarar da gara ta ci, waje lafiya ciki fanko. Gajarcewar da nake wa dariya, ƙasusuwan bayanta ne ke lotsewa. Na gyara hula na ce ai na sha faɗa, namu ya fi ƙarfi. Ya ce namu ma yana zubewa, a hankali dai. Kuma in tsoho namiji ya karye a wannan wuri, ya fi mace saurin bin karayar zuwa kabari. Sannan ya tambaye ni ko tana shan nono. Na tsaya ina duban takalmina.

Bayan an yi mata aiki aka ce in ba ta daure ta fara takawa ba, tabarma ce gidanta har ƙarshe. Nan na ga abin da bakina bai isa ya faɗa ba. Ni da ƙaya ke sa ni tara gari, na ga tsohuwar nan ta kama sanda, gumi na zuba, ba ta ce wash ba. Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gindin bishiya. Damina ta wuce, aka yi kaka, ɗori bai gama kamawa ba, ita kuma ba ta fasa ba. Ni kuwa na koyi tatsar akuya, na sha shuri, majalisa ta naɗa ni sarkin tatsa. Ƙwaryar farko tata ce.

Ranar da ta shiga ɗakinta da ƙafarta, ta tarar na sassauto ragayar. Ta ɗauki ƙwaryar ba tare da ta miƙe hannu ba, ta dube ni ta ce, "Malam, ashe igiya tana jin magana. Mai ita ne ba ya ji."

To, maza 'yan'uwana, masu ilimi da masu rabinsa irina: in kuka ga tsohuwa na gajarcewa, ba abin dariya ba ne, ku kai ta likita tun ba ta faɗi ba, ku bar mata nono. Ƙashina ya fi nata kauri, wannan ban janye ba. Amma da ni aka kwantar, na san ba zan tashi kamar yadda ta tashi ba.