Mai hoton duwatsu

Maigidana mai hoto ne. Shagonsa na bayan kasuwar Dutsin-Ma, ɗan ƙarami, da farin ƙyalle a bango inda ake zaunar da mutum a ɗauke shi fasfo. Da wannan muka ci muka sha, da biki da suna da saukar karatu. Amma ransa ba a nan yake ba. Shi wurin da ba kowa yake so: dutse, ruwa, fadama bayan an yanke shinkafa, gawon da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar gona. Tun yana saurayi haka yake, tun zamanin fim, lokacin da sai an kai Katsina a wanko kafin mutum ya ga abin da ya ɗauka.

Ni ba na ɓoye magana. Ban daɗe da tarewa ba na ce masa, "Malam, wai dutsen nan shi zai biya ka?" Ya ce dutse dai ba ya cewa an baƙanta shi, ba ya cewa a sake. Na ce cefane ma ba ya bayarwa. Ya yi dariya, ya rataya jakarsa, ya hau mashin ya nufi madatsar ruwa ta Zobe. Yakan wuni a bakin ruwa yana jiran rana ta sauko inda yake so. In masunta suka ga ya kafa kyamara sai su miƙe cikin jirgi suna gyara hula, shi kuma ya roƙe su don Allah su ɗan gusa. Wani har fushi ya yi, wai an fifita ruwa a kansa.

Sai da na haura arba'in na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Abin da na fara rubutawa wanda ba aikin aji ba, sunayen wurare ne a bayan hotunansa. Karofi, Shema, Zobe da rani, Zobe da damina. Da yake hannuna bai saba ba, kowane hoto sai ya daɗe a cinyata, to a nan na fara kallonsu da gaske. A ciki na ga dutsen da ke bayan ƙauyenmu na ƙasar Kurfi. Na yi itace a gindinsa har ƙafata ta yi faso, ban taɓa sanin yana da kyau ba.

Daga baya ɓarayin daji suka ɓata ƙasa. Aka bar gonakin nesa, kowane ƙauye ya tsayar da samarinsa suna sintiri. Na ce masa ya haƙura da daji. Ya ce, "Wa bai san ni ba a yankin nan?" Waɗanda suka san shi kuwa sun tsufa, wasu sun yi ƙaura, wasu suna kushewa.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwan shuka. Da safe ya ce zai je ya ɗauki dutsen ƙauyenmu kafin ya bushe, don in ya jiƙa baƙi yake komawa yana sheƙi. Bayan azahar yayana, wanda har yanzu yake zaune a can, ya kira ni a waya ya ce in zo, 'yan sintiri sun kama mijina, wai infoma ne, mai kai wa ɓarayi rahoto.

Na same shi a ƙofar gidan mai unguwa, zaune a ƙasa ba hula, an ɗaure masa hannu da igiyar rama, jini ya bushe a bayan kunnensa. Shugaban samarin yana riƙe da kyamarar yana danna hotunan yana nuna wa jama'a. Ya miƙo min.

"Inna, duba da idonki. Ga burtali. Ga mashigin rafi. Ga bayan dutse, inda ake ɓullowa cikin gari. Mutum ko ɗaya babu. Mi mutum zai yi da hoton hanya in ba wani zai nuna ma ba?"

Na ce, "Kai ɗan gidan wa ne?" Ya faɗa. Na ce, "Je ka tambayi uwarka wa ya ɗauki hoton aurenta. Ga shi nan ka ɗaure kamar akuyar sata, marar kunya."

Bai sunkuyar da kai ba. Ya ce, "To ya ɗauki mutane mana. Da mutane muka gani, wa zai taɓa shi? Inna, ƙanena muka binne watan jiya. Ta bayan dutsen nan suka shigo."

Na san yaron da yake nufi, na je gaisuwar.

Mai unguwa dattijo ne, ya san Malam tun zuwan neman aurena. Ya sa aka kwance shi, ya ce, "Malam, yi masu bayani da kanka, yara ne, ba su san ka ba." Malam ya gyara zama ya fara. Ya ce shi ba hanya yake ɗauka ba, haske yake ɗauka, yadda yake sauka a kan dutse in ruwa ya wanke shi. Sai wani daga baya ya ce, "Haske wai." Aka yi dariya.

Aka yanke cewa ya goge duk abin da ke ciki a gabansu, kuma kada a sake ganinsa da kyamara a ƙasarsu. Yayana ya tsaya masa. Aikin shekaru ne a cikin katin kyamarar, yawanci bai kai ga wanko su ba. Da babban yatsansa ya riƙa gogewa ɗaya bayan ɗaya, shugaban samarin na leƙe ta kafaɗarsa. Da ya zo kan na safiyar ranar ya ɗan dakata. Na hango dutsen, baƙi wuluk, da siririn haske a gefensa. Shi ma ya goge.

Magana ta riga mu isa Dutsin-Ma. Wasu suka daina shiga shagon, har a masallaci aka riƙa matsa masa wuri fiye da kima. Wannan ya wuce, don mai neman fasfo dole ya zo, mutane kuma suna mantuwa. Raunin kunnen ya warke. Daji ne bai sake komawa ba.

Da damina ta zagayo na gaji da ganinsa zaune. Na ce, "Malam, tashi mu je Zobe. Ai can ba wanda ya hana ka, masunta sun san ka. Ni zan riƙe maka jakar, duk wanda ya ce uffan ya gamu da ni."

Muka je. Ruwa ya cika har gindin itatuwa, hadari ya haɗo ta gabas. Ya kafa kyamarar, ya sa ido, ya daɗe a haka. Ina jiran in ji ƙarar ɗauka, ban ji ba. Can ya ɗago ya fara naɗe kayansa.

Na ce, "Mene ne kuma? Hasken bai yi ba?"

Ya ce, "Hasken ya yi. Ni ne dai. Yanzu in na leƙa, abin da nake dubawa shi ne ta ina za a shigo."

Na karɓi jakar, muka hau mashin kafin ruwa ya sauko.