Kazar da Aka Karya Tare da Ni

Ban taɓa shiga garin da mutanensa suka ce ba su da abin nuna wa baƙo ba. Ko da kututturen kuka kaɗai ke gare su, za su ja ka har gindinsa su rantse cewa wani waliyyi ya taɓa ɗaure jakinsa a nan. Mu a Jega kasuwa muke nunawa, da mashigin gulbi inda jirage ke haye da mutane da shanu. Mutanen Maiyama kokawa suke nunawa, su cika ka da fura da nono har ka kasa hawa doki. Aliero kuwa albasa da ɗori. Albasar tun daga bayan gari take tarbar ka, ba sai an yi maka jagora ba.

Karatuna bai yi nisa ba. Allo na bar shi da wuri, boko kuma da furfura na shiga. Amma a wannan fanni ina iya zama a kan buzu a ɗauki karatu a wurina, domin ni kaina an nuna ni, a gari biyu, kuma ga baƙo guda.

Lokacin Turawa ba su daɗe da cin ƙasa ba. Ina saurayi, ɗan runji, wato ɗan mahauta, a unguwarmu ta Jega Magaji. Fawa ba ta raina. Warin tumbi da ƙudan mahauta sun ishe ni tun ina ƙarami. Abin da nake so shi ne in bi ayarin fatake zuwa Gwanja in ga inda goro ke fitowa. Na yi ta zarya gidan madugu, shugaban ayarin, ina yi wa jakunansa yankan ciyawa ba wanda ya sa ni, har ya gaji da ganina ya ce in an cire amfanin gona zai tafi da ni. Sharaɗinsa ɗaya ne, ƙafa. Ya ce hanyar Gwanja ƙafa take ci, ba baki ba.

Ana nan sai aka ce Baturen mulki ya fito rangadi. Ya fara sauka Maiyama, aka tara masa 'yan kokawa har daga Giwa Tazo da Sarandosa, ya zauna a kujerarsa mai naɗewa yana kallo. Labari ya iso mana cewa ya yi dariya har ya tafa. Wannan tafin shi ya hana manyan Jega sukuni. Kasuwa ya riga ya gani, gulbi kuma da shi ya hayo. Sai wani mai hikima, Allah Ya saka masa daidai aikinsa, ya ce a yi masa hawan ƙaho.

Sarkin fawa ya sa aka kira ni.

“Kai ɗan ga, gobe kai ka hawan ƙaho.”

Na ce, “Baba, ai ba jajibere ta ba. Ƙasa ma ba ta bushe ba.”

Ya ce, “In Maiyama sun sa Bature ya tafa, mu sai mu sa shi ya tashi tsaye. Ko tsoro kaka ji in kira ƙanwarka?”

Hawan ƙaho wasanmu ne na gado, a jajiberen salla aka saba yin sa. Ana ɗaura wa bijimi igiya a ƙafar baya, ƙarfafan maza su riƙe, makaɗa su saki kalangu, kai kuma ka faɗa tsakanin ƙahoninsa ka rungume wuya, ya yi ta jijjiga ka har ya gaji. Ranka na hannun Allah, amma bayan haka yana hannun masu igiya. To, ranar Baturen ya zo da wani akwati mai ƙafa uku na ɗaukar hoto. Ina manne a kan bijimi sai ya sunkuya ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Masu igiya ba su taɓa ganin babban mutum ya yi lulluɓi a bainar jama'a ba. Duk suka juya kallonsa. Igiya ta sulluɓe. Bijimin ya kwashe ni ya maka da gindin tsamiya, ya bi ta kan ƙaurina na hagu ya wuce.

An ce Baturen ya tashi tsaye. Sarkin fawa ya cika alkawarinsa.

A kan amalanken shanu aka kai ni Aliero, gidan wani tsoho mai ɗori. Duk wanda ya ce maka gidan ɗori wurin yawon buɗe ido ne, ka tambaye shi ko ya taɓa yini a ciki. Rumfa ce doguwa, mutane a jere a kan tabarmi, wannan cinya, wancan hannu, wani Bafulatani da raƙumi ya taka yana ta kiran sunayen shanunsa. Man shanun da ake shafa mana ya yi tsami, ga warin albasa daga rumbunan maƙwabta, ga ƙuda da ba su san babba ba. Na gudu daga ƙudan mahauta na faɗa hannun 'yan uwansu.

Tsohon dai ya san aikinsa, wannan ba zan ci amanarsa ba. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya yi tofi, ya jera karan dawa ya ɗaure da tsumma. Yana kuma da wata al'ada da ban gani wurin sauran masu ɗorin garin ba, ya ce daga kakarsa ya gada. Ya sa aka kamo wata kaza wake-wake, ya karya mata ƙafar hagu a gabana, ya ɗora ta da 'yan siraran kara kamar yadda ya yi mini, ya ɗaure ta a turke kusa da tabarmata.

Ya ce, “Kazar ga ita ta ƙafarka. Ran da tat taka ƙasa, kai ma ka taka. Kahin nan ba mai taɓa ɗaurin ga, ko ni.”

Ban taɓa son wata halitta kamar yadda na so kazar nan ba. Furar da uwata ke aiko mini daga Jega tare muke sha. In ta yi shiru hankalina ya tashi. Majinyata suka sa mata suna amaryata, Bafulatanin nan kullum sai ya ce, “Barunje, yaya uwargida ta kwana?” Ni kuwa ina lissafin kaka. Gero ya yi kai, dawa ta fara ja, kazata ta fara dangana yatsunta a ƙasa tana ɗagewa. Tsohon ya duba ya ce saura ƙiris.

Sai ga shela, Bature ya gama abin da yake yi a Jega, gobe Aliero.

Manyan Aliero ba su yi dogon shawara ba. Albasa ba abin tafawa ba ce, don haka ɗori za a nuna. Aka share rumfa, aka yayyafa ruwa. Majinyatan da raunukansu ke ruwa, da masu nishi da ƙarfi, aka kwashe su aka kai bayan zana aka ce su yi wa Allah su yi shiru. Aka bi sauran ana dubawa kamar masu zaɓen ragon layya, aka tsaya a kaina, saboda ƙafata ta fi kyan gani. Har riga aka ara mini.

Da hantsi ya iso, da masinjansa mai jan ɗamara wanda ke yi masa tafinta, da wakilin hakimi yana ta washe baki. Baturen ya toshe hanci da farin ƙyalle, ban kuwa ga laifinsa ba. Ya nuna ƙafata da sandarsa ya yi magana.

Masinja ya ce, “Zaki ya ce a kwance shi gani.”

Tsohon ya durƙusa. “Ranka shi daɗe, ba a kwance ɗori kahin lokaci nai. Ƙashin ɗanye na.”

Masinja bai ko juya wannan magana zuwa Turanci ba. Wakili ne ya sunkuyo ya ce, “Haba Baba, mutum ya taso tun daga Ingila, ka ce mai shi dawo wata mai zuwa? Kwance ka maida, mi a ciki?”

Tsohon ya kwance. Ƙafar ta fito siririya, fara fat kamar rogon da aka fere, tana wani irin wari da ni mai ita ma na kau da kai. Baturen ya matsa da yatsa, ya gyaɗa kai, ya sake magana.

“Zaki ya ce, shina iya takawa?”

Kafin in buɗe baki wakili ya ce, “Takawa? Har gudu! Tashi samari, kada ka ba mu kunya, mutanen Jega na nan suna kallo.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ai ni ma mutumin Jega na.”

Ya ce, “To ka ga sai ka fid da gari biyu kunya.”

Dogarai biyu suka ɗaga ni ta hammata suka tsayar, suka saki don kada su ɓata hoto. Baturen ya shiga lulluɓinsa. Na tsaya a kan ƙafar dama kamar zalɓe, wakili yana yi mini alama da ido in sauke ɗayar. Na sauke. Abin da na ji ba ƙara ba ce mai yawa, kamar dai an taka busasshen kara a cikin ɗaki. Na cije har akwatin ya gama abin da yake yi, sa'an nan na zube.

Ina kwance na ji Baturen yana tambayar yadda aka yi na karye. Masinja ya dube ni, ya san ni sarai, ya ce masa daga kan jaki na faɗo. Baturen kuwa bai gane ni ba. Wancan karon bai ga fuskata ba sai ƙafafuna a sama.

Da suka tafi hankalina ya dawo, na waiga turke. Igiya kaɗai na gani.

Ga yadda aka yi. Duk garin da Bature ya sauka, sai an tara wa kukunsa kaji da ƙwai. Matan Aliero ba yara ba ne. Tun da suka ji shela suka kwashe kajinsu, wasu cikin rumbu, wasu can gona. Dogarai suka zaga gari suna haki ba su kama ko ɗan tsako ba. A duk faɗin Aliero kaza ɗaya ce ba ta iya gudu, kuma an ma ɗaure musu ita. Ana can ana kallon tsayuwata wani ya kwance ta ya sa a hammata.

Da la'asar matar tsohon ta je bayan barikin da aka sauki Bature ta dawo da abu a ƙunshe cikin ganye. Ƙafar kazata ce, da 'yan karanta da tsummanta yadda aka ɗaure. Kukun ya yanke ya yar, ko kwancewa bai yi ba.

Tsohon ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya shafa ƙaurina, ya ce ƙashin ya goce. In an bar shi zai kama a karkace. Magani ɗaya ne, a sake karya shi a ɗora, da sabuwar kaza, rana ɗaya.

Na ce, “Baba, ba a iya karya kazar ita ɗai?”

Ya ce, “Ɗana, kana son Gwanja ko ba ka so?”

Ina so. Aka sa ranar, ta kuwa faɗo ranar kasuwa. Labari ya bazu cewa akwai wanda za a karya da gangan, sai ga masu albasa suna shigowa da baƙinsu, 'yan Maiyama, 'yan Jega, har da wasu Zabarmawa da suka zo daga ƙasar da Faransa ke mulki sayen iri. Wata mai ƙosai ta kafa kaskonta a ƙofar gida. Ƙarti huɗu suka danne ni, aka cusa mini tsumma a baki. Ina jin wani yana ce wa baƙonsa, “Matso nan, nan ka hi gani da kyau.” Ba zan bayyana sauran ba, ina da jikoki masu karanta boko.

Sabuwar kazar baƙa ce, mai mugun hali, ba mu taɓa shiri ba. Ta warke sumul, ta tsinke igiya da kanta ta haye danga. Tsohon ya kwance ni, na miƙe, na taka. Ƙafar ta kama, ta miƙe kuma, sai dai ta gaza 'yar uwarta tsawo da kamar faɗin yatsu biyu. Na nuna masa kazar tana tsere da zakaru, na ce yaya haka?

Ya ce, “Ita sau guda anka karya ta.”

Na koma Jega ana ɗaurin kaya a zango. Na cusa tsumma a cikin takalmin hagu, na saki wando har ƙasa, na je na gai da madugu. Yana zaune a kan buhun kanwa yana cin goro. Ya amsa, ya yi mini barka da arziki, sa'an nan ya ce in je bakin rijiya in ɗebo masa ruwa a kwarya, in cika ta fal.

Na cika ta. Na taho a hankali, ina daidaita kafaɗa, ina murmushi. Kowane taku sai kwaryar ta tuntsura gefe guda ta zubar. Kafin in iso, gabana ya jiƙe sharkaf, fatake sun bar ɗaurin kaya suna kallo. Madugu ya karɓi abin da ya rage ya kurkure baki ya zubar.

Ya ce, “Ɗana, gaida min babanka. Ka ce mai in mun dawo ina son ƙauri da kai, a gyara da kyau.”

Ayari ya haye gulbi da safe. Ni ina bakin ruwa a ƙasa da mashigi, zaune a kan dutse da ƙafa ɗaya a miƙe, ina wankin tumbi.